Manhajarmu ta yi aiki a makarantu uku, yaya za mu kai ta ɗari ba ta mutu a hanya ba?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Aboabo, nan Kumasi. Ni da abokan aikina biyu mun haɗa wata 'yar manhaja da ke koya wa yaran firamare karatu da lissafi, tana fara yi musu bayani da Hausa kafin ta kai su ga Turanci. Shekara guda ke nan muna gwada ta a makarantu uku masu zaman kansu, iyaye da malamai kuma suna yabawa. Yanzu wata ƙungiya ta ce za ta tallafa mana idan muka nuna mata yadda za mu kai makarantu ɗari cikin shekara biyu, har da Tamale da Accra. Ta ina za mu fara, kuma mene ne yake kashe irin wannan aiki idan ya soma girma?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari naku. In na fahimce ki, tambayarki ta rabu gida biyu: yadda za a faɗaɗa abin da ya yi kyau a wuri ƙarami, da kuma yadda za a gane ramukan da ke kan hanya kafin a faɗa cikinsu. Zan ƙara miki ta uku wadda ba ki yi ba, domin a shekarun da na yi ina ba masu irin wannan sana'a shawara, na ga ita ce ke raba waɗanda suka ɗore da waɗanda suka watse. Tambayar ita ce: a cikin makarantun nan uku, mene ne takamaimai ya sa yaran suka ƙaru?

Buƙatar dai ba a musunta. Ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa kusan yara 9 cikin 10 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara 10. A nan Ghana an buɗe ƙofar babbar sakandare kyauta tun Satumbar 2017, amma yaron da ya isa aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, wannan ƙofa ba ta yi masa amfanin komai ba. Saboda haka kun kama aikin daga inda ya dace. Sai dai girman buƙata ba shi ke tabbatar da cewa maganin da ke hannunku zai yi aiki a ko'ina ba.

Mene ne ya yi aiki, manhajar ko ku?

Ku uku ne, makarantun ma uku ne, dukkansu kuma a unguwarku suke. Ina kyautata zaton kin san sunan kowane malami a cikinsu, kina leƙawa ajin sau biyu ko uku a mako, idan waya ta ƙi kunnuwa ke ake kira, idan malami ya yi sanyi kunyar idonki ke sa shi ya ɗauko darasin. Duk wannan yana cikin abin da ya kawo sakamakon da ake yabawa, kuma shi ne ɓangaren da ba ya kwafuwa. Manhaja ana iya sauke ta a waya dubu cikin yini guda, amma ke ba za a raba ki gida ɗari ba.

Duniya ta riga ta biya kuɗi mai yawa kafin ta koyi wannan darasi. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma binciken da aka fitar a 2012 kan makarantun karkara sama da 300 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da harshe ba bayan wata 15. A ɗaya gefen, manhajar Mindspark da aka gwada a birnin Delhi na Indiya ta ɗaga sakamakon yara sosai a lissafi da harshen Hindi cikin ƙasa da wata biyar. Bambancin shi ne ita tana fara gano matakin da yaro yake a zahiri, ta ba shi aiki daidai da shi ko da yana aji shida amma iliminsa na aji biyu ne, sannan yaran suna zuwa cibiya ne a ƙayyadadden lokaci, da mai kula a kansu. A Botswana kuma, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ƙungiyar Young 1ove ta gwada hanya biyu: aika saƙon tes na lissafi kawai, da kuma saƙon haɗe da kiran waya na kimanin minti 20 a mako. Wadda ke da muryar mutum a ciki ita ce ta kawo ƙaruwar da ta tabbata.

Mu ma muna da namu misalin a gida. Tsakanin 2010 da 2013 an gwada shirin TCAI a ɗaruruwan makarantun gwamnati, inda aka ɗauki matasa su riƙa taimaka wa yaran da aka bari a baya, bisa salon koyar da yaro daidai matakinsa da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi. An ga ƙaruwa, amma ba ta kai yadda aka sa rai ba, babban dalili kuwa shi ne a ranaku da yawa darasin ba a yin sa kwata-kwata. Tsarin ba shi da laifi, aiwatarwar ce ta riƙa zuba a hanya.

Don haka abu na farko da zan ce ku yi, tun kafin ku rubuta wa ƙungiyar nan komai, shi ne ku janye jikinku daga ɗaya cikin makarantun uku na tsawon zangon karatu guda. Kada ku je, kada ku kira. Ku bar musu lambar waya ɗaya da za su nema idan abu ya lalace, ku rubuta sau nawa aka kira da abin da aka kira a kai. Ku auna yaran a farkon zango da ƙarshensa da gwaji mai sauƙi na baki, yaro ɗaya bayan ɗaya: yana gane harufa, yana karanta kalma, yana karanta jimla, yana iya ɗebewa da aro. Wanda zai yi awon kada ya kasance cikinku, kuma a auna wani aji makamancinsa da bai taɓa ganin manhajar ba, domin yara suna ƙaruwa a shekara ko da manhaja ko babu. Yabon iyaye abin farin ciki ne, amma mutanenmu suna da kara, ba za su dubi idon 'yar unguwarsu su ce abinta bai yi ba.

Na'urar tana hannun wa?

Bari in ba ki labarin kuskuren da na yi da hannuna. Wasu shekaru da suka wuce na shawarci wasu matasa da suka samu tallafin kwamfutocin hannu, muka tashi daga makarantu huɗu zuwa talatin a zango ɗaya. Rahoton da manhajar ke aiko mana ya nuna wasu makarantun shiru, sai na hau mota na je ɗaya daga cikinsu ba tare da sanarwa ba. Na tarar da kwamfutocin a cikin kabad ɗin ƙarfe a ofishin hedimasta, an jera su tsaf, wasu ko ledar fuskarsu ba a ɓare ba. Makullin yana aljihun hedimasta, shi kuma ya tafi jana'iza garinsu tun ranar Alhamis. Da ya dawo muka zauna, sai ya jawo takardar da mu da kanmu muka sa shi ya sa wa hannu, ya ɗora yatsa a kan layin da ya ce duk na'urar da ta fashe makaranta ce za ta biya. Ya ce, "Alhaji, albashina nawa ne?" Ban sami abin ce masa ba. Mu ne muka rubuta dokar da ta kulle kayanmu.

Fashewa kuwa dole ce. Ƙungiyar Worldreader, wadda ta fara aikinta a nan Ghana a 2010 da raba wa ɗalibai na'urorin karatu na Kindle, ta sha fama da fashewar fuskokinsu a gwajin farko, daga baya kuma ta mayar da ƙarfinta wajen kai littattafai ta wayoyin da mutane suka riga suka mallaka. Duk wanda zai raba na'ura sai ya sa kuɗin gyara, da na caji, da na maye gurbi a cikin lissafinsa tun ranar farko. Wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, musamman 2015, ba sai an yi masa bayanin abin da rashin wuta ke yi wa irin wannan shiri ba.

Akwai wani gwaji daga Kenya da nake so ki riƙe. A yankin Kisumu an kwatanta hanya uku a cikin shirin koyar da karatu guda: a ba kowane yaro na'urar karatu, ko a ba malami kwamfutar hannu, ko kuwa a ba jami'in da ke zagayawa yana duba malamai. Sakamakon yaran bai bambanta sosai ba, amma kuɗin ya bambanta nesa ba kusa ba, kuma mafi arha ita ce ta jami'in zagaye. Da aka zo faɗaɗa shirin zuwa ƙasa baki ɗaya a 2015 da sunan Tusome, ita aka ɗauka. Ku tambayi kanku ko manhajarku za ta iya aiki da waya ɗaya a hannun malami da ƙaramar lasifika, yara kuma suna bi da littafi da alli. In za ta iya, kun rage kuɗin kowace makaranta da kaso mai tsoka.

Idan kuwa kuna tunanin dogara da wayar iyaye a gida, ku dubi yinin yaron zongo da kyau. Wayar gidan mai intanet sau da yawa ta uwa ce, ita kuma ta fita da ita kasuwar Kejetia tun da sassafe domin da ita take karɓar kuɗin ciniki, ba za ta dawo ba sai wajen magariba. Yaron ya taso daga boko, ya ci abinci, ya wuce makarantar allo. Abin da ya rage muku shi ne ɗan tsakanin isha'i da barci, a kan wayar da cajinta ya kusa ƙarewa, ma'ajiyarta cike da hotunan biki da saƙonnin murya. Darasin da ya wuce minti goma, ko manhajar da ke cin data, ita za a fara gogewa. Shi ya sa Eneza, mai koyar da yara ta waya, wadda ta taso daga Kenya ta shigo har Ghana, ta gina aikinta a kan saƙon tes da ke shiga kowace irin waya, ita kuma uLesson ta Najeriya da ta fara a 2019 ta soma da sayar da darussanta a kan katin ajiya don kada ɗalibi ya dogara da intanet.

Wa zai biya bayan tallafi ya ƙare?

Aljihu huɗu ne kawai a wannan harka: na iyaye, na masu makarantu, na gwamnati, da na masu tallafi. Iyayenmu suna kashe kuɗi a kan ilimi fiye da yadda baƙi ke zato, amma suna biya ne yadda kuɗin ke shigo musu, kullum-kullum ko mako-mako, kamar zubin adashi. Makarantun Omega da suka fara a wajen Kasoa sun gina tsarinsu ne kacokan a kan biyan kuɗin makaranta na kowace rana saboda wannan dalili. MoMo, hanyar tura kuɗi ta waya wadda MTN ta kawo a 2009, ta sauƙaƙa karɓar ƙananan kuɗi, harajin tura kuɗi da aka ɗora a Mayun 2022 kuma an soke shi a Afrilun 2025. Sai dai ki sani cewa iyaye sun fi sakin kuɗi idan jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ta matso, ku kuwa kuna aiki ne da 'yan ƙananan azuzuwa, inda amfanin ya fi yawa amma hankalin mai biya ya fi nisa.

A ganina, a matakin da kuke, mai makaranta mai zaman kanta shi ne abokin cinikinku na gaskiya. Shi kaɗai yake yanke shawara, ba sai takarda ta je ofis ta dawo ba, kuma yana da abin da yake nema: iyaye su ga yaransu suna karatu don kada su mayar da su makarantar da ke bayan layi. Ku sa masa kuɗi kaɗan a kan kowane yaro a kowane zango, ya haɗa cikin kuɗin makaranta. Kada ku ba kowa kyauta, ko makarantun ukun nan na farko, domin ranar da mai makaranta ya zaro kuɗi daga aljihunsa a zango na biyu ba tare da an roƙe shi ba, ranar kuka sami shaidar da ta fi kowace wasiƙar yabo.

Sannan ku zauna ku yi lissafin da yawancin masu farawa ke gudu. A ɗauka, don misali kawai, jami'i ɗaya zai iya kula da makarantu goma yana leƙa kowacce sau ɗaya a mako biyu. Makarantu ɗari na nufin ma'aikata goma, da albashinsu, da kuɗin motarsu, da wanda zai kula da su su ma. Ku haɗa wannan da kuɗin horar da sababbin malamai kowace shekara, tunda malaman ƙananan makarantu masu zaman kansu ba sa daɗewa, wanda kuka horar a Satumba yana iya barin aiki kafin Janairu. Ku raba jimlar da yawan yaran da suka ƙaru a awonku, ba yawan waɗanda aka yi wa rajista ba. Ku kuma tuna cewa kuna karɓar sidi ne alhali na'urori da ma'ajiyar intanet da dala ake biyansu; a Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma na ga kasafin shekara biyu da ya narke cikin wata tara a lokacin.

Tallafi ba laifi ba ne, kuma akwai ƙofofin da ya kamata ku sani, kamar cibiyoyin renon masu fasaha irin su MEST a Accra da Kumasi Hive a nan gida, da shirin da gidauniyar Mastercard ke yi don masu fasahar ilimi. Amma kuɗin tallafi a kashe shi a kan abin da ake yi sau ɗaya, wato gina darussa, ɗaukar murya, da awon sakamako. Albashin wata-wata ya fito daga ciniki. Waɗanda suka jingina komai a kan hukumar USAID, mai ba da tallafin gwamnatin Amurka, sun ga yadda aka rufe ta a 2025 ayyuka suka tsaya cak. Yawan kuɗi ma ba kariya ba ne: kamfanin Byju's na Indiya an yi masa ƙimar dala biliyan 22 a 2022, zuwa 2024 yana gaban kotu kan bashi, bayan ya yi ta saye-sayen kamfanoni da tura 'yan talla su matsa wa iyaye. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, don haka ku karanta sharuɗɗan ƙungiyar nan da kyau kafin ku karɓa.

Hukuma, da batun Hausa

Yawancin yaran ƙasar nan a makarantun gwamnati suke, saboda haka duk mai son kaiwa ga dubbai wata rana sai ya bi ta hukumar GES mai kula da makarantun gwamnati. Da ɗan gari akan ci gari: ku fara da ofishin ilimi na yankinku da jami'an da ke zagayen makarantu, ku gayyace su su ga aji yana aiki tun ba ku buƙatar komai a wurinsu. Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a ƙarƙashin GES a 1987 ƙofa ce da ta dace da ku ƙwarai, domin makarantunsa suna cikin zongo-zongo, yaransu kuma su ne masu jin Hausa. Ku daidaita darussanku da tsarin karatun da aka fara aiki da shi a 2019, ku nemi amincewar hukumar NaCCA mai kula da tsarin karatu a kan kayan koyarwarku. Tunda kuma kuna tara sunaye da sakamakon yara ƙanana, Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta wajabta muku rajista da hukumar da ke kula da ita, kuma ku nemi izinin iyaye a rubuce. Amma kada ku gina kasafinku a kan kuɗin gwamnati. Biyanta yana jinkiri, kuma sauyin gwamnati yana iya tafiya da shirin da aka yi alkawari.

Hausar da ke cikin manhajarku ita ce ƙarfinku, ita ce kuma iyakarku. Akwai harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani, kuma Hausa ba ta cikinsu. Ku gabatar da ita a matsayin gadar da ke kai yaro ga Turanci, ba darasi mai zaman kansa ba. Wannan kuma ya shafi taswirar da ƙungiyar ta zana muku. Tamale garin Dagbani ne, in ban da wasu unguwanni, don haka zuwa can yana nufin sake ɗaukar murya da sake gwaji, kusan sabon aiki. Nima da Mamobi da Sabon Zongo na Accra sun fi kusa da ku ta fuskar harshe duk da nisan hanya. Ko a Hausar ma, ku ci gaba da amfani da muryar 'yan zongo. Na taɓa ganin yara suna dariyar wani darasi da aka ɗauko da Hausar Kano tsantsa, suna cewa mai labaran rediyo ne ya shigo aji.

Abin da zan ce wa ƙungiyar

Da ni ne ke, ba zan yi alkawarin ɗari ba. Zan kai musu shiri mai hawa biyu. A shekarar farko makarantu 15 zuwa 20, dukkansu a Aboabo da Asawase da Sawaba da Tafo, inda jami'i zai iya zagaya uku a yini ya dawo gida ya yi la'asar, kowacce tana biya, tare da awon da wani na waje zai yi. A shekara ta biyu, idan akasarin makarantun sun sabunta da kuɗinsu kuma awon ya nuna ƙaruwa, sai a buɗe rukuni na biyu a Accra ta hannun wani da ke zaune can, wanda ya yi zango guda yana koyon aikin a wurinku. Mai tallafin da ya san aikinsa zai fi natsuwa da wannan. Wanda ya dage sai ɗari ko a fasa, adadi yake nema don rahotonsa, kuma ku ne za ku zauna da masu makarantun da aka bari da kwamfutoci a kabad bayan ya tafi.

Shawarata tana da iyaka. Aikina ya fi yawa a ƙananan makarantu masu zaman kansu na cikin gari, kuma ban ga manhajarku ko littafin kuɗinku ba, don haka adadin da na ambata ku gwada shi da naku lissafin. Batun irin rajistar da za ku yi a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, ko kamfani mai neman riba ko wanda ba ya rabon riba, ku zauna da lauya kafin ku sa hannu a kan kowane tallafi, domin shi zai ƙayyade ko za ku iya karɓar masu zuba jari nan gaba. A zaman nan kuma ku uku ku rubuta kason kowa da aikin kowa, da abin da zai faru idan ɗayanku ya samu aikin gwamnati ko aure ya kai shi wani gari. Idan kun kammala zangon janyewar da na ambata, ki aiko mini da sakamakon awon da jerin kiran da aka yi muku, mu duba tare.